Shigar da Muhalli Cikin Samfuri: Siffofin Inganci a Harsunan Zayyana Manhaja, Bisa Halin Zangon Sokodé da Dapaong

Tsakure

Wannan maƙala tana duba yadda harsunan zayyana manhaja, irin su UML da ƙarin da aka ɗora masa mai suna MARTE, suke ɗaukar siffofin inganci, wato sauri, dogaro, tsaro da sauƙin amfani, da kuma makomar waɗannan siffofi a lokacin da aka juya samfuri ya zama manhaja mai aiki. An ɗauki hidimomin kuɗi ta wayar hannu a tsakiya da arewacin Togo, musamman shirin Novissi na 2020 da 2021, a matsayin abin nazari. Hujjar maƙalar ita ce wasu siffofin inganci suna canza ginin manhaja tun daga tushe, don haka liƙa su a jikin samfuri bayan an gama zayyana ba ya wadatarwa. Ana ba da shawarar a ware wa muhalli samfurinsa na kansa, mai ɗauke da alƙaluman da aka auna a wurin, kuma a bai wa injin juyi ikon ƙin fitar da manhajar da ta saɓa masa.

1. Gabatarwa



Kowace manhaja tana amsa tambayoyi iri biyu. Ta farko: me take yi? Tana tura kuɗi, tana rajistar mai juna biyu a asibiti, tana lissafa buhunan masarar da suka shiga sito. Waɗannan su ne siffofin aiki. Ta biyu: yaya take yin sa? Cikin daƙiƙa nawa, sau nawa take tsayawa a wata, wa zai iya leƙa bayanan da ke ciki, batir nawa take ci, kuma wane ne zai iya sarrafa ta ba tare da wani ya tsaya a kansa ba? Waɗannan nake kira siffofin inganci. Ma'aunin ISO/IEC 25010 na 2011 ya kasa ingancin manhaja gida 8, kuma bugun 2023 ya mai da su 9 bayan ya ƙara kiyaye rai da dukiya. Ɗaya ne kawai daga cikinsu ya shafi abin da manhaja take yi. Sauran duk a kan yadda take yin sa suke.

Shi kuwa ginin manhaja daga samfuri, ma'anarsa ita ce maimakon mai shirye-shirye ya rubuta kod layi bayan layi, sai ya zayyana samfuri cikin wani harshe mai tsayayyun ƙa'idoji, wata manhaja kuma, wadda nake kira injin juyi, ta juya samfurin ya zama kod. Alkawarin da wannan hanya ta yi mana babba ne: abin da aka faɗa sau ɗaya a samfuri zai tabbata a duk inda aka juya shi, ko a waya ko a kwamfuta. Tambayar da ta kawo ni nan ita ce ko wannan alkawari ya haɗa da siffofin inganci, musamman idan wanda zai yi amfani da manhajar 'yar kasuwa ce a Zangon Sokodé mai riƙe da ƙaramar waya ta maɓalli, ko dillalin dabbobi a Dapaong da ke aron wayar ɗansa.

2. Abin da fagen ya riga ya tanada

Ba za a ce masana sun yi barci a kan wannan batu ba. Ƙungiyar OMG ta amince da UML a 1997, sannan a 2001 ta fito da tsarin MDA, wanda ya raba samfurin da bai damu da irin na'ura ba da samfurin da aka ɗinka wa wata na'ura takamaimai. UML na asali ba shi da wurin rubuta cewa saƙo kaza dole ya isa cikin daƙiƙa 2. Saboda haka aka riƙa yi masa ƙari. An fara da SPT don lokaci da sauri, sannan MARTE ya gaje shi a 2009. Simona Bernardi, José Merseguer da Dorina Petriu suka ɗora DAM a kan MARTE domin bayyana lalacewa da farfaɗowa. A ɓangaren tsaro, Jan Jürjens ya gabatar da UMLsec a 2002, kuma a wannan shekara Torsten Lodderstedt, David Basin da Jürgen Doser suka fito da SecureUML. A wajen gidan UML akwai AADL, wanda ƙungiyar SAE ta fitar a 2004 kuma masu ƙera jiragen sama suka riƙe, da Palladio na Karlsruhe a Jamus, wanda ke hasashen saurin manhaja tun kafin a gina ta.

Akwai abu ɗaya a MARTE da nake ganin ba a ba shi darajar da ta kamace shi ba. Idan ka rubuta adadi a cikinsa, kana iya haɗa shi da ma'auninsa, da bayanin ko matsakaici ne ko mafi yawa, da kuma asalinsa: ƙiyasi ne, an auna ne, an lissafo ne, ko buƙata ce da aka gindaya. Wannan filin na asalin adadi shi ne zuciyar abin da zan faɗa a ƙarshen maƙalar.

Tun kafin duk waɗannan, a 1992, John Mylopoulos, Lawrence Chung da Brian Nixon sun nuna cewa yawancin siffofin inganci ba a cika su ɗari bisa ɗari. Ana kai su ne matsayin da ya wadatar, kuma sukan ci karo da juna: ka ƙara tsaro, sauƙi ya ragu.

To ina gizo yake saƙa? A 2010 David Ameller, Xavier Franch da Jordi Cabot sun nuna cewa hanyoyin ginin manhaja daga samfuri galibi ba sa bin siffofin inganci har zuwa kod ɗin da ake fitarwa. Binciken da suka biyo da shi tare da abokan aikinsu, inda suka tattauna da ma'aikatan kamfanoni 18 a ƙasashen Turai 6, ya ƙarfafa hakan: kayan aikin ba sa taimakawa sosai, kuma sau da yawa da hannu ake gyara kod bayan injin ya fitar da shi. Wato alƙaluman da ake liƙawa a samfuri suna amfani wajen nazari da hasashe, amma injin juyi yana wuce su bai duba ba. Idan haka lamarin yake a Turai, inda wuta da rezo, wato sadarwar waya, ba abin kwana da tunani ba ne, sai mu duba yadda zai kasance a hanyar Nationale 1 daga Sokodé zuwa Cinkassé.

3. Novissi a Tchaoudjo da Savanes

A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka kafa dokar hana fita, gwamnatin Togo ta ƙaddamar da Novissi ƙarƙashin ma'aikatar tattalin arzikin dijital da Cina Lawson ke jagoranta a lokacin. Manufar ita ce tura tallafin kuɗi ga masu ƙananan sana'o'in da dokar ta tsayar. An fara da Lomé da kewayenta, aka haɗa da gundumar Tchaoudjo, wadda Sokodé ce hedikwatarta, sannan a farkon 2021 shirin ya isa yankin Savanes, inda Dapaong take. A zagayen farko mata na karɓar sefa 12,250 a wata, maza 10,500, masu zemijan, wato baburan haya, kuma 20,000. Jimillar waɗanda suka amfana ta haura mutum 900,000.

Abin da ya shafe mu shi ne zaɓin da maginan suka yi. Ba su nemi kowa ya sauke manhaja ba. Mutum zai danna *855#, ya shigar da bayanan katin zaɓensa, kuɗi su shigo ta T-Money ko Flooz. Wannan tsari, mai suna USSD, yana aiki a kowace waya, ba ya buƙatar intanet, kuma mutane sun riga sun saba da shi wajen duba kiredi da tura kuɗi. An zaɓi katin zaɓe ne saboda an yi zaɓen shugaban ƙasa a Fabrairun 2020, rajistar tana da sabunta, kuma masu katin zaɓe sun fi masu katin ɗan ƙasa yawa nesa ba kusa ba. Duk waɗannan shawarwari ne na inganci: isa ga jama'a, rashin tsada, jure raunin rezo. Su suka tsara ginin gaba ɗaya. Da an fara da zayyana ayyuka kawai, rajista, tantancewa, biya, sannan aka ce wa injin juyi ya fitar da manhaja, abin da zai fito shafin intanet ne ko manhajar Android, kuma yawancin matan da ke sayar da koko da ƙosai a Zango da ba su gan shi ba.

Zagayen da aka yi tare da ƙungiyar agaji ta GiveDirectly a kantoni 100 mafi talauci ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da bayanan amfani da waya wajen zaɓo mabuƙata. Emily Aiken, Joshua Blumenstock da abokan aikinsu sun wallafa sakamakon a mujallar Nature a 2022, kuma su da kansu sun lissafa hanyoyin da mutum kan faɗi daga tsarin: ba shi da layin waya, ba shi da katin zaɓe, ko bai iya kammala rajistar ba. Wannan na ƙarshe shi ne namu. Mutumin da ya cancanta, yana da layi, yana da kati, amma bai kai ƙarshen menu ba, to siffar inganci ce ta kayar da shi.

A nan ya kamata in ambaci wani abu da ya shafi Zango kai tsaye. Unguwa ce da fataucin goro tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja ya kafa tushen irinta, kuma har yau akwai mazauna cikinta da takardunsu na Nijar ne ko Nijeriya ko Ghana. Sharaɗin katin zaɓe hukunci ne na siyasa, kuma gwamnati tana da ikon yin sa. Amma duk wanda zai gina wata hidima a wannan unguwa, ta adashi ko ta asibiti, ya sani cewa "mai amfani yana da lambar shaida ta Togo" zato ne, kuma wurinsa a rubuce cikin samfuri inda kowa zai gan shi ya yi muhawara a kansa.

4. Inda liƙa adadi ba ya isa

Bari mu ɗauki misali na ƙirƙira: ƙungiyar mata 'yan adashi a kasuwar Sokodé tana son hidimar zubi ta USSD. A harshen samfuri, wannan zanen matakai ne: danna lamba, zaɓi ƙungiya, shigar da adadi, shigar da lambar sirri, tabbatar, karɓi amsa. Matakai 6.

USSD zama ne mai rai tsakanin waya da saba. Idan rezo ya yanke, ko mai wayar ya daɗe yana karanta allo har lokacin da kamfanin ya ƙayyade ya cika, zaman ya mutu, sai a faro daga farko. A ce, don lissafi kawai, kowane mataki yana da damar wucewa lafiya kashi 95 cikin ɗari. Matakai 6 a jere suna ba da kusan kashi 74. Idan aka rage su zuwa 3, adadin ya hau zuwa kusan kashi 86. Wannan lissafi MARTE da DAM suna iya ɗaukarsa, kuma kayan nazari za su fitar da amsar. Har nan babu matsala.

Matsalar tana zuwa ne a mataki na 5 zuwa na 6. An cire kuɗin, amma zaman ya mutu kafin amsa ta iso. Hajiya ba ta ga komai ba, sai ta sake zubawa. Yanzu ta biya sau biyu, kuma maganar ta tashi daga waya ta koma gaban uwar adashi. Maganin wannan sananne ne ga masu sana'ar: kowane zubi ya samu lambarsa ta musamman tun farkon zama, saba ta ajiye inda aka tsaya, maimaici ya koma kan tsohon zubin, kuma tabbaci ya biyo ta SMS ko da zaman ya mutu. Amma ku lura da abin da ya faru da samfurin. An ƙara matakai, an ƙara ma'ajiya, an ƙara hanyar saƙo ta biyu. Buƙatar "kada a cire kuɗi sau biyu idan rezo ya yanke" ta sake fasalin zanen baki ɗaya. Idan injin juyi bai san da ita ba, mai shirye-shirye zai ƙara ta da hannu a cikin kod, kuma ranar da aka gyara samfuri aka sake juyawa, gyaransa ya tafi. Daga wannan rana samfuri da manhaja sun raba hanya, kuma amfanin hanyar gaba ɗaya ya zube.

Misali na biyu ya fi kusa da mu masu Hausa. Saƙon USSD guda yana ɗaukar haruffa 182 idan an rubuta shi da jerin haruffan GSM na asali. Jerin yana da é da è da à na Faransanci, amma ba shi da ƙ, ɗ, ɓ, haka kuma ba shi da ɛ, ɔ, ɖ da ŋ da rubutun Tem da Kabiye ke buƙata. Harafi ɗaya daga cikinsu ya shiga, sai saƙon gaba ɗaya ya koma tsarin UCS-2, iyakarsa ta faɗo zuwa 80. A SMS kuma daga 160 zuwa 70. Menu da ya shiga allo guda da Faransanci zai buƙaci allo 2 ko 3 da daidaitacciyar Hausa. Ƙarin allo ƙarin mataki ne, ƙarin mataki kuma, kamar yadda lissafin baya ya nuna, ƙarin faɗuwa ne. Ga sauƙin fahimta da dogaro sun yi karo, daidai yadda su Mylopoulos suka faɗa. Ana iya cire lanƙwasar haruffan, yawancin masu karatu za su gane, ko da yake wasu kalmomi za su rikice. Ana iya taƙaita jimlolin. Kowanne aka zaɓa, injin yana iya ƙirga wannan tun a samfuri da ƙa'ida guda ta OCL, harshen rubuta sharuɗɗa a kan samfurin UML: tsawon rubutun kowane allo, a kowane harshe, a tsarin haruffan da zai buƙata, kada ya wuce iyaka. Ban ga dalilin da zai sa a bari sai an kai manhaja kasuwa kafin a gano allon ya yanke ba.

Bayan haka ma akwai tambayar da ta fi wannan zurfi. Makarantar boko a Togo da Faransanci ake yin ta, kuma harsunan ƙasa da aka zaɓa a gyaran ilimi na 1975 su ne Ewe da Kabiye. Mai jin Hausa a Zango zai iya kasancewa ya yi allo ya iya ajami, ko ya yi lakwal ya iya Faransanci, amma bai taɓa karanta Hausar boko ba. Fassara menu zuwa Hausa ba lallai ta taimake shi ba. Abin da zai taimake shi murya ce, kamar yadda kowa ya ga yadda saƙon murya na WhatsApp ya karɓu. Samfurin da ya ɗauki harshe a matsayin fili guda, "Hausa" ko "Faransanci", ya haɗe abubuwa uku da ya kamata a raba: harshen da mutum yake ji, rubutun da yake karantawa, da hanyar da saƙo zai iso masa.

Misali na uku gajere ne. Bahaushen ƙasashen sefa da dala yake ƙirga kuɗi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000. Wadda ta ce za ta zuba ɗari biyu tana iya nufin jika guda. MARTE ya riga ya ba da damar ayyana ma'auni tare da adadin da ake ninkawa don komawa ma'aunin tushe, kamar yadda ake yi tsakanin daƙiƙa da minti. A ayyana dala haka, allon tabbatarwa ya nuna adadin ta fuska biyu.

Na huɗu shi ne wanda harsunan zayyana manhaja suka fi rauni a kansa. SecureUML da ire-irensa suna tsara izini bisa matsayi, kuma a ƙarƙashinsu akwai zaton cewa mutum ɗaya, layi ɗaya, lambar sirri ɗaya. Duk wanda ya tsaya kusa da kiyos ɗin masu cire kuɗi ya san ba haka abin yake tafiya ba. Tsohuwa takan miƙa wayar ga mai kiyos ta faɗa masa lambar. Miji da mata sukan yi tarayya a layi guda. Yaro ne ke karanta wa kakansa saƙo. Idan samfuri ya yi kamar bai ga wannan ba, tsaron da ya zayyana na kan takarda ne. Gara a shigar da wakili cikin samfuri a matsayin mai rawa na halal, a iyakance abin da zai iya yi da yawan kuɗin da zai iya motsawa, a kuma aika shaidar kowane motsi ga mai asusun ko wanda ta amince da shi. Dokar Togo mai lamba 2019-014 kan kare bayanan mutum tana magana a kan yardar mai bayanai. Yardar wa ake nufi idan yatsan da ya danna "na yarda" na mai kiyos ne? Wannan tambaya ce da lauya da injiniya ya kamata su amsa tare, kuma samfuri ne wurin da za su iya haɗuwa.

5. Samfurin muhalli

Dole in yi wa MARTE adalci: yana da kalmomin bayyana hanyar sadarwa mai rauni da na'ura mai ƙaramin ƙarfi. Abin da ya rage shi ne a tattara waɗannan a wuri guda mai zaman kansa, wanda za a iya cirewa a sa wani ba tare da an taɓa samfurin ayyuka ba, kuma a tilasta wa injin juyi karanta shi. Madugun da ke jagorantar ayari daga Kano zuwa Salaga yana da lissafi biyu a kansa, na kayan da aka ɗauko da na hanya: ina rijiya, ina zango, wane rafi ne ba ya ƙetaruwa da damina. MDA ya ba mu lissafin kaya da na dabbar da za ta ɗauka. Na hanya ne babu.

Samfurin muhalli da nake nufi zai ƙunshi irin wayoyin da ke hannun jama'a, yawan yankewar zama, sa'o'in da ake samun wuta, harshe da rubutu, tarayya a waya, da takardun shaidar da mutane ke riƙe da su. Kuma ba guda ɗaya ba ne ga ƙasa baki ɗaya. Na Lomé, inda igiyar intanet ta ƙarƙashin teku mai suna Equiano ta sauka a 2022, daban yake da na Sokodé, na Sokodé kuma daban da na Dapaong. An sa yankin Savanes ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ta tsaro a Yunin 2022, akwai mutanen da suka bar ƙauyukansu, wasu ba tare da takardu ko layukansu ba, kuma a garuruwan kan iyaka waya kan kama rezon maƙwabta. Hanyar dawo da asusu ga wanda ya rasa layi, wadda a Lomé ƙaramin reshe ce a zane, a can babbar hanya ce.

Samfurin kuma ya ɗauki katsewa mai tsawo a matsayin abin da ke faruwa. A Satumban 2017 an rufe intanet a Togo lokacin zanga-zanga, matakin da kotun ECOWAS ta yanke a Yunin 2020 cewa ya saɓa wa doka. A Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku da dama sun lalace a lokaci guda, ƙasashen Afirka ta Yamma da yawa suka shiga matsala. A 2024 ɗin dai an sha ɗaukewar wuta a Togo. Kamfani na iya alfahari cewa sabarsa tana tsaye kashi 99.9 cikin ɗari, wato ba ta kwanta sama da sa'o'i 9 a shekara. Amma idan, a misali, rezon unguwa yana samuwa kashi 97, wayar kuma tana da caji kashi 90 na lokacin da ake buƙatarta, abin da ya isa hannun mai amfani kusan kashi 87 ne. Adadin da ya kamata a rubuta a matsayin buƙata shi ne na hannun mai amfani.

Da wannan samfuri a hannu, ƙa'idojin juyi za su zama masu sharaɗi. Idan yankewar zama ta wuce wani mizani, injin ya saka tsarin ci gaba daga inda aka tsaya da lambar zubi ta musamman. Idan rubutun da jama'a ke karantawa bai dace da harshen menu ba, ya fitar da reshen murya. Idan kuma babu wani tsari da zai cika buƙatar a wannan muhalli, ya tsaya, ya faɗi wace buƙata ce ta gagara da wane adadi ne ya hana. Wannan ƙin yarda shi na fi bai wa muhimmanci, domin yana dawo da shawara gaban mutane tun kuɗin gyara bai yi yawa ba. Kayan yin haka suna nan kyauta: EMF na Eclipse, Papyrus na cibiyar CEA a Faransa, da harshen juyi na ATL da aka ƙirƙira a Nantes.

Kada a ɗauka wannan mafarkin ɗakin karatu ne. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke tattara bayanai da KoboToolbox ko ODK suna gina manhaja daga samfuri kowace rana ba tare da sun kira shi haka ba. Suna cika jadawalin XLSForm, injin ya juya shi ya zama fom a waya. Fom ɗin yana aiki ba intanet, yana ajiye amsoshi har a samu rezo. Ƙara shafi guda na harshe yana ba da fassara, wani shafin yana haɗa tambaya da sautin murya, kuma saka mabuɗi a fili guda na saituna yana sa a rufe bayanan da sirri. Haka DHIS2, wanda ma'aikatar lafiya ta Togo ke amfani da shi kuma cibiyar HISP ta Afirka ta Yamma da Tsakiya da ke Lomé ke tallafawa, ana tsara shi ne ta bayanin tsari, kuma manhajarsa ta Android tana jure rashin rezo. Waɗannan kayan sun karɓu ne saboda maginansu sun san muhallin kuma sun gina shi cikin injin. Iyakarsu ita ce muhalli guda suka ɗauka, kuma a ɓoye yake cikin injin. Ba za ka iya rubuta cewa wannan waya za ta yi kwana 10 ba ta ga rezo ba, ka ga ko ma'ajiyarta za ta isa.

6. Wa zai auna?

Na ce zan dawo kan filin asalin adadi. Samfurin muhalli da aka cika da ƙiyasi haɗarinsa ya fi na rashinsa, saboda yana sa zato ya yi kama da ilimi. Shawarata ita ce injin juyi ya bambanta: adadin da aka auna ya wuce, adadin da aka ƙiyasta ya fito da gargaɗi a rahoto, kuma a buƙatun da suka shafi kuɗi ko lafiya kada a karɓi ƙiyasi sam. A ƙara wa kowane awo wuri da lokaci, domin rezon daren jajibirin Sallah, lokacin da kowa ke tura kuɗi gida, ba shi ne na sauran ranaku ba, kuma damina tana da nata hali.

Wani ɓangare na alƙaluman yana hannun hukumar ARCEP, wadda ke auna ingancin hidimar kamfanonin waya kuma ta taɓa cin tararsu saboda katsewar hidima. Wani ɓangaren yana cikin rajistar kamfanonin kansu, waɗanda suka san zama nawa ne ke mutuwa a kowace hasumiya. Amma tarayya a waya, da rubutun da mutane ke karantawa, da wanda ke danna lambar sirri, babu injin da ke ƙirga su. Sai an shiga unguwa an tambaya, da harshen mutanen, ta hannun wanda suka yarda da shi, kuma a Zango hakan yana nufin a fara da gaishe da sarkin Zango da limamai da shugabannin mata. Jami'ar Kara ba ta da nisa da Sokodé, kuma ɗalibanta na kimiyyar kwamfuta da na nazarin zamantakewa za su iya ɗaukar wannan a matsayin aikin kammala karatu na haɗin gwiwa: unguwa ɗaya, samfuri ɗaya, a buɗe ga duk mai son gina hidima a wurin, a sabunta shi duk shekara. Na Zangon Sokodé da na kasuwar Dapaong sun isa a fara da su, domin bambancin da ke tsakaninsu zai nuna ko filayen da na lissafa sun wadatar ko akwai waɗanda za a ƙara.